Fitila ta kama amma kwamfuta ba ta ganin Arduino ɗina

Ɗan Rigasa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a agaza mini, yau kwana uku ke nan ina fama. Aikin kammala karatu nake yi, na'urar ban ruwa ce da za ta riƙa auna danshin ƙasa ta kunna famfo da kanta, kuma a lambun mahaifina da ke bakin kogin Kaduna nake son in gwada ta. Na sayi Arduino Nano, ɗan allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni ya sarrafa na'ura, na jona shi da laftof ɗina mai Windows 10. Jar fitilar wuta ta kama, akwai ma wata ƙarama da ke ƙyaftawa. Amma in na buɗe Arduino IDE, manhajar da ake rubuta umarni a ɗora wa allon da ita, wurin zaɓen tasha, wato ƙofar da kwamfuta ke bi ta yi magana da allon, a dushe yake, ko dannuwa ba ya yi. Sau biyu ina goge manhajar ina sake sakawa. Saura mako biyu in tsaya gaban malamai, kuma ɗan abin da ya rage a hannuna na famfo ne da batir.

Ɗan Barnawa: Wa alaikumus salam. Nawa ka saye shi? In mai araha ne, jabu ne, kuma da wuya in ba a mace ya zo maka ba. Kada ka ɓata lokaci, ka nemi na ainihi ka huta.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Barnawa, a yi haƙuri, ba a yi wa mara lafiya likkafani tun ba a taɓa jikinsa ba. Yarona, wannan 'yar fitilar da ka ce tana ƙyaftawa, ita ce mai alamar L, wadda ke ƙafa ta 13. Tun daga masana'anta akan sa musu ɗan umarnin da ke kunna ta yana kashewa. In tana yi, to ƙwaƙwalwar allon tana raye tana aiki. Tambayata ɗaya ce: lokacin da ka cusa kebul ɗin, ka ji wannan ɗan sautin da Windows ke yi in an sa mata filashi? Sannan a ina ka samo kebul ɗin?

Ɗan Rigasa: Baba, ban ji sautin komai ba. Allon bai zo da kebul ba, sai na ɗauki na wata tsohuwar lasifika da ke gida, bakinsu ɗaya.

Baba Mai Rediyo: To daga nan za mu fara. Cikin kebul ɗin USB na gaske wayoyi huɗu ne. Ja da baƙa su ke kai wutar bolt 5, fara da koriya su ke kai saƙo su dawo da shi. Irin wanda ake sakowa cikin kwalin lasifika ko fitilar caji ko 'yar fanka, sau da yawa ja da baƙar kawai ke ciki, don abin da aka yi shi dominsa caji ne. Daga waje ba za ka taɓa bambanta su ba. Shi ya sa fitila ke kamawa mutum ya ɗauka an jonu, alhali wuta ce kawai ta wuce, magana ba ta wuce ba. Shekaruna da yawa ina gyaran kayan wuta a nan Tudun Wada, kuma tun da ɗalibai suka fara kawo mini waɗannan allunan, babu laifin da na fi kamawa kamar na kebul. Ka nemo wanda ka tabbatar an taɓa kwashe hotuna ko fayil da shi. In za ka saya, ka tafi da laftof da allon, ka gwada a gaban mai shago kafin ka miƙa kuɗi.

Ɗan Barnawa: Baba, ni dai na taɓa sayen irinsu guda biyu, babu wanda ya yi mini aiki.

Baba Mai Rediyo: Suna nan ko ka zubar? In suna nan ka ajiye su, za mu zo kansu.

Ɗan Rigasa: Alhamdulillahi, na aro kebul ɗin tsohuwar kyamarar yayana. Ina sakawa kwamfuta ta yi sautin nan. Sai dai har yanzu babu tasha a IDE.

Malama 'Yar Malali: Sannu ƙanena, ka ci rabin hanya. Ka bar IDE tukuna, domin ita abin da Windows ta nuna mata kawai take gani, shi ya sa gogewa da sake sakawar da ka yi ba su amfane ka ba. Danna maɓallin Start da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta ka buɗe Device Manager, ka zura ido a kan jerin, ka zare kebul ka mayar. Abin da ya ɓace ya dawo, shi ne allonka. Faɗa mana sunansa da inda ya fito. Sannan ka juya cikin allon, akwai wani baƙin aisi, wato ƙwayar lantarki mai ƙafafu, mai ɗan tsawo a ƙasa, karanto mana abin da aka rubuta a bayansa.

Ɗan Rigasa: Malama, wani abu ya fito da alamar motsin rai cikin ruwan ɗorawa, an rubuta USB2.0-Serial. Aisin kuma CH340G ne.

Malama 'Yar Malali: Haka na zata. Ka ga, ATmega328P, wato ƙwaƙwalwar allon, ba ta jin harshen USB ko kaɗan. Dole sai da tafinta a tsakani. A Nano na ainihi tafintan FT232RL ne na kamfanin FTDI, a Uno na ainihi ATmega16U2, su kuma masu kwaikwayo suka koma ga CH340 na kamfanin WCH da ke Nanjing a ƙasar Sin saboda ya fi sauƙin kuɗi. Kowane tafinta da direbansa, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ta gane shi. Sau da yawa Windows 10 kan ɗauko direban da kanta in akwai intanet a lokacin da aka jona allon, amma mu nan wa ke barin data a buɗe wa laftof? Wasu ma sun kashe sabuntawar gaba ɗaya don kada ta cinye musu kuɗi. Ka je shafin WCH ɗin kansa ka sauko da CH341SER.EXE, ƙaramin fayil ne, kada lambar 341 ta ruɗe ka, shi ne na CH340 ma. Ina roƙonka kada ka ɗauko a waɗannan shafukan masu maɓallin saukewa biyar-biyar, akwai ɗalibata da ta kwaso wa kwamfutarta cuta ta haka, rubutun aikinta duka ya tafi. In ya zauna daidai za ka ga sunan ya koma ƙarƙashin Ports da lambar COM a gefensa.

Ɗan Barnawa: To ai kun ga maganata. Da na ainihi ya saya da duk wannan wahalar ba ta taso ba.

Injiniya Kakuri: Ɗan'uwa, bari in ɗan sa baki a kan kalmar jabu, domin tana sa yara tsoron abin da bai kai ba. Arduino ya faro ne a garin Ivrea na Italiya a 2005, kuma tun farko a buɗe suka bar zanen allon, kowa yana da izinin ƙerawa. Abin da suka riƙe shi ne suna da tambari. Saboda haka wanda ya ƙera nasa bai lika tambarinsu ba, ba sata ya yi ba. Jabu shi ne wanda ya buga tambarin ya sayar maka a matsayin na Italiya. Ban ce ingancinsu ɗaya ba, na sha ganin masu araha da dalmarsu ba ta kama da kyau ba, ko bakin USB ɗin yana girgiɗi. Wanda ke da hali ya sayi na ainihi, yana ma tallafa wa masu rubuta manhajar da dukanmu ke amfani da ita kyauta. Amma ɗalibin da ke lissafin kuɗin famfo ba za ka ce masa ya jefar da allo mai rai ba.

Kuma ni a wurina CH340 da ya fito fili ya ce shi CH340 ne ya fi aisin da aka buga wa FTDI na ƙarya. Waɗanda suka daɗe a harkar sun tuna abin da ya faru a watan Oktoba na 2014, lokacin da wani sabon direban FTDI da ya biyo ta sabuntawar Windows ya riƙa mayar da lambar shaidar aisin kwaikwayo zuwa 0000, kwamfuta ta daina gane su, har sai da kamfanin ya janye shi saboda ƙorafin jama'a. Mutane da yawa ba su ma san aisin bogi ke cikin kayansu ba sai ranar.

Ɗan Barnawa: Na ji, Injiniya. Amma ka yarda wanda ke koyo ya fi buƙatar abin da zai yi aiki kai tsaye, kada ya karaya tun a ƙofa. Ni abin da ya sa na ajiye harkar kusan shekara ke nan.

Injiniya Kakuri: Wannan kam gaskiya ce, ban musa ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne ana sayar wa yaro allo ba a gaya masa ko kalma ɗaya a kan direba da kebul ba, bayanin da bai fi minti biyu ba.

Ɗan Rigasa: Jama'a na dawo. COM5 ya fito, na zaɓe shi, na zaɓi Nano. Na danna ɗorawa, ya daɗe yana jira, sai jan rubutu ya cika ƙasa:

avrdude: stk500_recv(): programmer is not responding
avrdude: stk500_getsync() attempt 1 of 10: not in sync

Haka ya ƙirga har goma ya tsaya. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Injiniya Kakuri: Kada jikinka ya yi sanyi, wannan saƙon ci gaba ne. Ma'anarsa kwamfuta ta buɗe tashar lafiya, ta yi sallama sau goma, ba a amsa ba. Yanzu matsalar ta bar kebul da direba, ta koma tsakanin tafinta da ƙwaƙwalwa. A cikin ATmega akwai ɗan ƙaramin umarni da ake kira butloda, shi ne mai tsaron ƙofa. Duk lokacin da allon ya farka, yana saurarawa na ɗan lokaci ko akwai sabon kod da ke zuwa. Tsohon butlodan Nano yana sauraro ne a gudun 57600, sabon da Arduino suka koma kansa a 2018 kuma a 115200. Masu kwaikwayo da yawa har yau tsohon suke sakawa, IDE kuwa sabon take ɗauka in ba ka gaya mata ba. Kamar ka kira mutum a tashar rediyon da ba ita ya kama ba ne. Shiga Tools, ka je Processor, a ƙarƙashin ATmega328P akwai na biyu mai ɗauke da Old Bootloader, shi za ka zaɓa. Kafin nan ka haska babban aisin da ke sama da fitilar waya ka tabbatar 328P aka rubuta, domin akwai masu zuwa da 168, kuma shi ma da nasa zaɓin a wurin.

Ɗan Rigasa: 328P ne. Na canza, amma saƙon bai canza ba.

Baba Mai Rediyo: Yarona, tun ɗazu akwai abin da ban tambaye ka ba, kuma da shi ya kamata in fara. Allon nan shi kaɗai yake tsirara, ko ka riga ka dasa shi a allon gwaji da wayoyi a jikinsa?

Ɗan Rigasa: Baba na riga na haɗa komai. Akwai ma'aunin danshi a A0, rile, wato makunnin da allon ke sarrafawa, a ƙafa ta 7, sai HC-05 na Bluetooth a RX da TX, don ina son mahaifina ya riƙa ganin danshin a wayarsa.

Baba Mai Rediyo: Ga ɓarawon nan. Zare shi daga allon gwajin gaba ɗaya ka riƙe shi a hannu, daga shi sai kebul, ka sake ɗorawa. Injiniya zai fi ni iya bayanin dalili.

Injiniya Kakuri: Baba ya gama magana. RX da TX ɗin nan, wato ƙafa ta 0 da ta 1, su ne dai hanyar da CH340 ke bi ya isar da kod. Kuma shi ta cikin resisto mai 1k yake bi, HC-05 ɗinka kuwa ka jona shi kai tsaye, don haka muryarsa ta danne ta kwamfuta. In ka gama gwaji, kada ka mayar da shi nan. Kai shi ƙafa ta 10 da ta 11 ka yi amfani da SoftwareSerial, kod ɗin da ke mayar da wasu ƙafafu hanyar saƙo, gudun 9600 da yake zuwa da shi ya ishe ka. Ka kuma sa resisto biyu, 1k da 2k, ka rage wutar da ke shiga RX ɗinsa, domin ƙafafun saƙonsa na bolt 3.3 ne, Nano kuwa 5 yake fitarwa.

Ɗan Rigasa: Allahu Akbar! Ya shiga! Fitilun RX da TX suka yi ta walƙiya, sai ya ce an gama ɗorawa. Na canza lokacin ƙyaftawar don in tabbatar, kuma ta bi abin da na rubuta. Baba, Malama, Injiniya, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na gwada mayar da shi kan sabon butloda don in gani, ya ƙi, ashe duka biyun ne suka haɗu mini.

Malama 'Yar Malali: Amin. Rubuta duka huɗun a littafin aikinka yadda suka zo, kebul, direba, butloda, HC-05. Malaman da za ka tsaya gabansu sukan tambayi irin matsalolin da ka fuskanta, kuma wannan amsa ce ta wanda ya yi aikin da hannunsa.

Auta daga Kawo: Salamu alaikum, ku gafarce ni in shigo da tawa tunda manya suna kusa. Nawa ESP32 ne, allon nan mai Wi-Fi. Tasha tana fitowa lafiya, amma in na ɗora sai ya yi ta jera ɗige-ɗige bayan kalmar Connecting, daga ƙarshe ya ce ya kasa haɗuwa. Wani lokacin kuma in kod ya shiga, da zarar Wi-Fi ya tashi sai ya rubuta Brownout detector was triggered ya sake farawa.

Injiniya Kakuri: Wa alaikumus salam Auta. Matsala biyu ce. ESP32 ba ya karɓar kod sai in ƙafar GPIO0 tana jone da GND a daidai lokacin da ya farka. Akwai 'yan transisto biyu a allon da ke yi maka wannan da kansu, amma a wasu allunan lokacin ba ya daidaita. Da ka ga ɗigon sun fara, danne maɓallin BOOT ka riƙe har sai ka ga an fara rubutawa, sannan ka saki. In ka gaji da dannawa, kafasito mai 10uF tsakanin EN da GND yakan kawo ƙarshen abin. Ka kuma duba ko ka rataya wani abu a GPIO12 ko GPIO2, su ma ana duba su lokacin farkawa, sannan daga 6 zuwa 11 na ma'ajiyarsa ne, ba a taɓa su. In yana yankewa a tsakiyar ɗorawa, sauko da gudun daga 921600 zuwa 115200.

Ta biyun yunwar wuta ce. In Wi-Fi ya tashi yakan fizgi wuta da ƙarfi, in kebul dogo ne siriri sai wutar ta faɗi a hanya. Nemi gajere mai kauri, kuma ka jona a jikin kwamfutar kai tsaye, ban da ta mahaɗar nan mai baki huɗu.

Malama 'Yar Malali: Tunda an buɗe ƙofa, ga masu amfani da Ubuntu a maimakon Windows, don akwai su a nan. In CH340 ya fito a matsayin ttyUSB0 ya ɓace nan take, a 22.04 akwai wata manhajar makafi mai suna brltty da ke ɗaukarsa a matsayin na'urarta ta ƙwace shi. Wanda ba ya amfani da ita sai ya cire ta. In kuma an ce ba ka da izinin buɗe tasha, ka sa kanka a rukunin dialout, ka fita ka sake shiga. A Windows kuwa in ka ga Access is denied, wata manhaja ce ke riƙe da tashar, ko wata tagar IDE da ka manta a buɗe. Tasha ɗaya mutum ɗaya take ɗauka.

Ɗan Rigasa: Ku yi haƙuri na sake dawowa. Na mayar da HC-05 inda Injiniya ya ce, komai yana tafiya. Amma da famfo ya tashi sai kwamfuta ta yi sautin an zare kebul, COM5 ya ɓace, bayan ɗan lokaci ya dawo.

Baba Mai Rediyo: Daga ina famfon ke shan wuta?

Ɗan Rigasa: Daga ƙafar 5V ta Nano, ta cikin rile.

Baba Mai Rediyo: Cire shi yanzu-yanzu, kafin ka karanta sauran maganata. Bakin USB na yau da kullum miliamfa 500 aka yi shi ya bayar, kuma duk wani abu mai mota, wato injin lantarki mai juyi kamar na famfo, a lokacin tashinsa yakan ja ninkin abin da yake ci in ya daidaita. Uno yana da fis mai farfaɗowa da kansa da ke kare kwamfuta. Nano ba shi da shi, wani ɗan mitsitsin diyod ne kawai a ƙasansa wutar USB ke bi ta ciki. Na canza wa ɗalibai irinsa ban san iyaka ba, za ka ga ya kumbura ya yi baƙi, allon ya daina kamawa ta USB. Wannan ita ce ƙonewar gaske da Ɗan Barnawa ke tsoro, kuma ba daga shago take zuwa ba, a kan teburinmu take faruwa. Wani lokacin har bakin laftof ɗin take tafiya da shi.

Ka ba famfo batirinsa daban, rile ya zama makunni kawai a tsakani. Ka sa diyod 1N4007 a kan wayoyin famfon biyu, gefen da ke da farin zobe ya kalli waya mai kawo wuta, shi zai shanye bugun da mota ke mayarwa in an kashe ta. Kuma ka nisanta wayoyin famfo da kebul ɗin USB.

Abu biyu kuma da na lura da su a garin nan. In kana kan janareta ko caja mai ƙafa biyu har kana jin laftof na ɗan cizonka a hannu, zare cajar ka ɗora kod a kan batir, na ga haɗi yana yankewa saboda wannan kaɗai. Sannan in hunturu ya shigo iska ta bushe, ka san yadda mutum ke taɓa ƙofar mota ya ji tartsatsi. Wanda ka ji ke nan, aisi kuwa wanda bai kai ka ji ba ma yana iya lahanta shi. Ka riƙa kama allon ta gefe-gefe, ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauke shi.

Ɗan Barnawa: Baba, na tono nawa biyun daga cikin kwali. Duka CH340 ne a cikinsu. Na sa direban da Malama ta faɗa, na zaɓi tsohon butloda, ɗaya ya karɓi kod nan take. Kusan shekara yana kwance ina ce masa matacce. Ɗayan kuma ko fitila ba ya kamawa.

Baba Mai Rediyo: Madalla. Shi na biyun, kana da mita? Jona shi da USB ka auna tsakanin ƙafar 5V da GND. Lafiyayye zai ba ka wajen 4.6 ko 4.7, saboda diyod ɗin yana cin kaɗan. In ka ga sifili, zare kebul ka ba shi batir mai bolt 9 ta VIN da GND. In fitila ta kama a haka, diyod ɗin nan ne ya tafi, sauran lafiya lau.

Ɗan Barnawa: Sifili ne ta USB. Da batir kuwa ta kama, har L tana ƙyaftawa.

Baba Mai Rediyo: To ka kawo mini shi gobe bayan La'asar, ina da irin diyod ɗin a cikin tsofaffin fanel, aikin minti biyar ne da ƙarfen dalma. Ɗan Rigasa, kai ma ka taho da famfon da batirin da ka saya, ina son in auna abin da yake ja da idona kafin ka kai shi lambu.

Ɗan Rigasa: In sha Allah Baba, ina fitowa daga makaranta zan biyo. In taho da laftof ɗin ma?

Baba Mai Rediyo: Taho da shi, da kebul ɗin kyamarar. Na lasifikar kuma ka ɗaura masa jan zare ka mayar da shi wurin lasifika.